Ranar da Aka Tsallake Ka

Ƙannena da 'ya'yana da kuka karɓi takardar ɗaukar aiki a 'yan shekarun nan, wasunku a sakatariyar ƙaramar hukuma ta Jega ko ta Maiyama, wasu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wasu a kwalejin kiwon lafiya ta Jega, wasu kuma alli aka miƙa muku aka nuna muku aji, ina taya ku murna, don kun fi ni sanin yawan waɗanda suka nema ba su samu ba. Abin da zan faɗa muku ba ya cikin takardar da aka ba ku, kuma ba malamin da ya taɓa rubuta muku shi a allo. Ku yi haƙuri ku ji, ko ba yau ba zai yi muku rana.

Ofis a garuruwanmu ba irin na Abuja ko Legas ba ne, inda mutum zai tashi ƙarfe huɗu ya shige gari ba wanda ya san unguwar da yake kwana. Nan, wanda ka ɗaga wa murya da safe shi ne zai haɗa kafaɗa da kai a sahun Magariba. Masinjan da kake aika ya sayo maka ruwa, mai yiwuwa da shi aka raɗa maka suna. Akawun da ya danne maka takarda ƙanin matar kawunka ne. Maganar da ta kuɓuce maka da hantsi, kafin La'asar ta isa teburin mai shayi, kafin Isha'i ta shiga gidan surukanka, kuma ba yadda ka faɗe ta za ta isa ba. Duk littafin da aka rubuta a Amurka kan dabarun hawa muƙami, ka karanta in kana so, amma ka sani ba don mutanen da za su haɗu a jana'iza ɗaya gobe aka rubuta shi ba.

To, a kan me ake rigimar? In ka zauna ka lissafa, ba kasafai ake faɗa kan babban abu ba. Sunan wa aka sa cikin masu zuwa bita Birnin Kebbi. Wa aka ba jagorancin ayarin rigakafi, tunda akwai alawus a ciki. Wa ke riƙe da makullin babur ɗin ofis. Wa aka bar wa riƙon kujera da shugaban sashe ya tafi aikin Hajji. Mutanen da suka shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya, sai ka ga sun daina gaisawa saboda alawus ɗin kwana biyu. Kada ka raina waɗannan abubuwa, domin ga mai albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata ba ƙanana ba ne. Amma kada ka yarda su zama abin da aka san ka da shi. Akwai ma'aikacin da ko sunansa aka ambata sai ka ji an ce, "Wannan a sa shi kawai a zauna lafiya." Irinsa yana samun alawus, sau da yawa ma ya fi kowa samu. Kujera ce ba a ba shi.

Ka fara da sanin tsawon hanyar. A tsarin aikin gwamnati mai digiri yana shiga ne a mataki na 8. Daga nan zuwa na 14, mafi ƙarancin zaman da ake yi a kowane mataki kafin ƙarin girma shekara uku ne, daga na 15 kuma shekara huɗu. Wanda komai ya tafi masa daidai, ba a taɓa dakatar da ƙarin girma a zamaninsa ba, ba a taɓa ce masa babu gurbi ba, sai ya yi kusan shekara 26 kafin ya taka mataki na 17. Ritaya kuwa tana jira a shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, duk wadda ta riga. Yanzu ka dubi wanda ya kama aiki a 1999. A cikin shekara 26 ɗin nan ya ga zaɓaɓɓun gwamnoni huɗu a jihar Kebbi: Adamu Aliero, Sa'idu Dakingari, Atiku Bagudu da Nasir Idris. Ciyamomi da kantomomi kuwa, ko shi kansa ba zai iya jero su ba. Kowannensu ya zo da 'yan gaban goshinsa, kowannensu ya tafi ya bar su. Manomin albasa na Aliero ya san wannan lissafin: wanda ya kwashe gonarsa kaf ya sayar ranar da kasuwa ta cika, ya ga kuɗi da wuri, wanda ya adana kuwa wata ta ruɓe masa, amma shi ne mai kaya lokacin da ake nema.

Shekarunka biyu na farko, kafin a tabbatar da kai, ba na neman suna ba ne. Na koyon aiki ne, kuma malamanka ba su ne masu manyan kujeru ba. Je ka zauna wurin tsohon akawun rajista, wanda kowa ke wucewa ba ya ko yi masa sannu. Ka ga yadda ake buɗe fayil, yadda ake sa wa kowace takarda lamba, yadda takarda ke tashi daga tebur zuwa tebur da inda take kwana. Ka koyi rubuta bayani a fayil cikin layi biyar, wanda shugaba zai karanta ya gane abin da ake so ya yanke ba sai ya kira ka ba. Ka koyi rubuta bayanin taro. Matasa suna gudun wannan aikin, suna ganin wahala ce marar alawus, alhali mai rubuta bayanin taro shi ne ke zama a ɗakin da ake yanke shawara tun bai isa zama ba, yana jin yadda manya ke ja da yadda suke sassautawa. In kana da hannu a kwamfuta, ka zama wanda ake nema ranar da aka ce a kawo lissafi Birnin Kebbi kafin azahar. Shugaba yana iya ƙin jininka, amma ba ya iya tura mutumin da aikin ofis ke tsayawa in ba ya nan. Ka nemi dokokin aikin gwamnati da na kuɗi ka karanta su da kanka. Da yawan abin da ake tsoratar da sabon ma'aikaci da shi babu shi a ciki, da yawan abin da ake ce masa "ai haka ake yi" kuma laifi ne na kora.

Batun uban gida, ba zan yi maka ƙarya in ce ba a buƙatarsa ba. Ana buƙata. Ba wanda ya taɓa hawa ba tare da wani ya ambaci sunansa a ɗakin da ba ya ciki ba. Abin lura shi ne irin wanda ka kama. Akwai uban gidan da zai mayar maka da takarda sau uku da jan biro har ka iya, ya tafi da kai taro ya ce kai za ka yi bayani. Akwai kuma wanda abin da yake so gare ka shi ne ka riƙe masa jaka, ka kawo masa labarin wanda ya zage shi. Na farko yana gina ka, na biyu yana cin ƙuruciyarka. Ko na kirkin ka samu, kada ka gaji gabarsa. In ba ya shiri da ma'aji, wannan tsakaninsu ne, kai ka gaida ma'aji da safe. Manya suna ɓatawa su shirya, a ɗaura auren 'ya'yansu tare, yaran da suka yi zagi a madadinsu su ne ake bari da kunya.

A siyasar jam'iyya abin ya fi fitowa fili. Sanata Adamu Aliero ya zama gwamna a 1999 a jam'iyyar APP, ya koma PDP a 2007, ya ci sanata a APC a 2015, ya ci a PDP a 2023, a 2025 kuma ya sake komawa APC. Wannan ba aibu ba ne ga ɗan siyasa, sana'arsa ke nan, kuma ba shi kaɗai ya yi ba. Tambayata ita ce, ina ƙaramin ma'aikacin da ya ɓata da abokan aikinsa saboda tutar wata shekara? Ɗan siyasa yana da inda zai koma. Kai teburinka ɗaya ne. Ka yi zaɓenka ranar zaɓe, ka bar hular jam'iyya a gida.

Sai maganar sa hannu, wadda ta fi kowace jefa matasa cikin rami. Wata rana shugabanka zai kira ka, ya rufe ƙofa, ya yi maka fara'ar da bai saba ba. Zai ce a shirya bauca ta gyaran rijiyar burtsatse a ƙauyen kaza, ko ta sayen kujerun aji, a yi sauri don daga sama aka ce. Kai kuwa ka san ba a taɓa rijiyar ba. In ka ce, "Ba zan yi ba, haram ne," ka yi gaskiya, amma ka kira shi ɓarawo a fuskarsa, kuma ba zai manta ba. In ka yi shiru ka sa hannu, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunanka ne a takarda, umarninsa kuwa iska ta tafi da shi. Abin da tsofaffin ma'aikata ke yi shi ne su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta min a fayil, a haɗa da takardar shaidar kammala aiki, don kada in yi kuskure in ja maka magana." Ba ka zage shi ba, ba ka ƙi umarni ba. Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa, ko a nemi wani. Za ka rasa wani abu, kada in ɓoye maka: za a daina kiranka wasu wurare, a ce kai ba ka da haɗin kai, wataƙila ma a tura ka ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Ka tafi. A 1975, da gwamnatin Murtala ta tashi tankaɗe da rairaya, ma'aikata sama da dubu goma aka sallama.

Mai kawo maka gulma kuwa, ka saurare shi da fuska sake, ka ce Allah ya kyauta, kada ka ba shi ko kalma ɗaya ta komawa da ita, don da ita ya zo nema. Yanzu ma abin ya fi da sauƙi gare shi. A da sai ya rantse kafin a yarda ka faɗa, yau muryarka ce da kanka zai tura ta WhatsApp. Zauren ma'aikata na waya ba majalisar abokai ba ce, duk abin da ba za ka iya faɗa a gaban darakta ba kada ka rubuta shi a can, balle ƙarfe ɗayan dare da rai a ɓace. In wani ya ɓata maka, je ka same shi shi kaɗai. In ya fi ƙarfinka, nemi dattijon da yake jin nauyinsa.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata rana da ke jiran kowane ɗayanku. Za a kafe takarda, ko a kira taro, ka ji an ba wani kujerar da kai da kowa kuka san kai ka fi cancanta da ita. Wataƙila ƙaninka ne a aiki, wataƙila kai ka koya masa buɗe fayil. A abin da na gani, ba jarrabawar ƙarin girma ce ke tantance wanda zai yi shugabanci ba, wannan ranar ce. Kuma mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin rashin sani, domin tarihin ƙasarmu a kanta ya ginu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Mutum biyu daga manyan jama'arsa suka ga an tsallake su. Na farko ƙaninsa ne, Malam Abdullahi, wazirinsa, wanda ya jagoranci yaƙi tun farko, malamin da rubuce-rubucensa har yau ake karantawa a zaurukanmu. An ruwaito cewa da ya taso daga Boɗinga ya iso Sakkwato, sai ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello, ɗan wansa, mubaya'a, kuma an rufe ƙofar gari. Ka tsaya ka auna wannan: yaron da ya tashi a gabanka, ga shi an ɗora shi, kai kuma kana tsaye a bayan ganuwa. Abdullahi ya ji zafi, ba ya ɓoyuwa, don ya juya ya nufi Gwandu, kuma an ɗau lokaci tsakaninsu ba daɗi. Amma bai ɗaga takobi ba, bai raba jama'a biyu ba. Ya ci gaba da karantarwa, da rubutu, da riƙon ɓangaren da aka ba shi.

Na biyu shi ne Malam Abdussalami na Gimbana, almajirin Shehu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa na cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Mutumin da ya sha wuya tun kafin a san za a yi nasara. Da aka zo rabon ƙasa, ya ga abin da aka ba shi bai kai hidimarsa ba, ya rubuta wa Bello ƙorafi, suka yi ta musayar wasiƙu, har Bello ya tattara labarin a littafinsa Sardul Kalam. Ni ba alƙalin magabata ba ne, kuma duk mai adalci da ya karanta tarihin zai ga ƙorafin ba daga iska ya faɗo ba. Sai dai hanyar da abin ya bi ta kai ga tawaye a Kware, aka yi yaƙi, aka ji masa rauni, ya rasu a Bakura a 1818.

Bayan 'yan shekaru, ragowar masu tawaye suka taru a Kalambaina suka tsaya wa Abdullahi a wuya. Sai ga Bello da rundunarsa ya zo taimakon baffansa, ba tare da ya ce sai an fara yi masa mubaya'a ba. Masu tarihi sun ce da aka ci garin suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. A kan wannan gaisuwa Gwandu ta tsaya da ƙafafunta, kuma yau jami'ar da ke Aliero sunan Abdullahi Fodiyo take ɗauke da shi. Akwai na uku da ba a cika ambata ba: Buhari ɗan Abdussalami. Yana da dalilin riƙe gaba har ya mutu, amma ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega a wajejen 1820, garin da kasuwarsa ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin daular. Duk ɗan Jega da ke karanta wannan, a cikin amfanin wannan sulhu aka haife shi.

To, kai da aka tsallake a sashen ayyuka ko a ofishin ilimi, me za ka yi? Ranar farko kada ka yi magana mai tsawo da kowa, don masu zuwa yi maka jaje rabinsu sun zo ɗaukar rahoto ne. Ka je ka sami wanda aka ba, a gaban mutane, ka ce Allah ya taya riƙo, ko da maƙogwaronka na ɗaci. Washegari ka zo aiki a lokacin da ka saba. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: sai su fara zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, su ɓoye fayil, su bar sabon shugaba ya yi kuskuren da suke iya hana shi, suna dariya a ciki. Suna ganin shi suke kayarwa, alhali tabbatar wa waɗanda suka tsallake su suke yi cewa ba su yi kuskure ba. Haƙuri kuma ba yana nufin ka bar haƙƙinka ba. In an karya ƙa'ida, ka rubuta koke da sunanka da sa hannunka, ka bi da shi ta hannun shugabanka zuwa hukumar da ke kula da ma'aikata, ka kawo kwanan wata da lambar takarda, ban da zagi, ban da "don ni ba ɗan wane ba ne." Takardar da ba suna kuwa, wadda ake jefawa a ofishin manya da dare, kada ka kusance ta. A gari irin Maiyama ba a kwana bakwai ba a gane mai ita ba, ko daga salon Turancinsa. Masu ce maka a je wurin wani malami a ɗaure bakin wane, kuɗinka da imaninka suke so.

In kana son ganin wannan hali a zamaninmu, ba sai ka bar Jega ba. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Ranar 31 ga Maris 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, duniya na kallo ta talabijin, tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe abin magana ya yi ta ɗaga murya, yana zarginsa da son kai. Da Farfesa ya mayar da martani da irin wannan murya, da an tashi taron, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya a ƙasa. Ya zauna bai motsa ba har mutumin ya gaji, sannan ya amsa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa ƙasa, ya tuna masa matsayinsa na tsohon minista, aka ci gaba da karanta sakamako. Daga baya Orubebe ne ya nemi afuwa. Mutane suna cewa halinsa ne, haka Allah ya yi shi. Ni ina ganin har da horo. Mutumin da ya jagoranci ƙungiyar malaman jami'a daga 1988 zuwa 1994, zamanin soja, har aka haramta ƙungiyar yana kanta, sannan ya riƙe Jami'ar Bayero, ya daɗe da koyon zama a ɗakin da ake yi masa ihu. Shi ya sa nake ce muku kada ku guji aikin ƙungiya da na kwamiti, ko na asusun adashin ma'aikata ne. Gwamnan Kebbi Nasir Idris daga aji da ƙungiyar malamai ta NUT ya taso. A irin waɗannan wurare ake koyon shawo kan mutanen da ba ka da ikon korar ko ɗaya daga cikinsu.

Ranar da kujerar ta zo hannunka kuma, za ka tarar da abin da ba ka zata ba. A ƙarƙashinka akwai sa'an mahaifinka. Ka ci gaba da ce masa Baba, ka riga shi gaisuwa, in ya makara ka kira shi ofis ku biyu ka ce, "Baba, yaran nan ku suke kallo, a taimake ni." Zai fi jin wannan da takardar tuhuma. Amma in ya maimaita har ya zama raini, ka ba shi takardar, kuma da yamma ka je gaishe shi kamar kullum. Jerin masu zuwa bita da masu aikin alawus, ka yi shi bi da bi ka kafe a bango kowa ya gani, ka ga yadda rabin gulmar ofis za ta mutu da kanta. 'Yan garinku za su zo, dangi za su zo, za a ce ka samu ka manta da gida. Ka taimake su daga aljihunka gwargwadon hali, kada ka taimake su da haƙƙin wani. In aiki ya yi kyau a gaban manya, ka ambaci sunan yaron da ya yi shi. In ya ɓaci, ka ce laifinka ne, ku koma ofis ku yi maganar. Wanda kuka nemi kujerar tare kuwa, kada ka jira ya zo, kai ka je, ka ba shi aiki mai nauyi wanda za a gani. Bello ne ya hau doki ya tafi Kalambaina.

'Yan'uwana mata, ku naku ya ninka. In kin yi shiru a ce ba ki iya ba, in kin yi magana a ce ba ki da kunya, in an ƙara miki girma a nemo wani dalili a laƙa miki. Ki riƙe aikinki ya zama shi ne mai yi miki magana, ki nemi babbar ma'aikaciya da ta riga ki ki kama ta. Shugaban da ya fara kiranki ofis bayan an tashi, ko yana turo saƙon dare, ki ajiye saƙon kada ki goge, ki shiga wurinsa da abokiyar aiki, ki sanar da wani babba tun abin bai yi nisa ba. Ku kuma maza, wadda ke zaune a teburin kusa da ku 'yar wani ce, kuma wata rana ita za ta sa hannu a takardar hutunku.

Abu ɗaya nake roƙon kowannenku ya yi cikin makon nan. Na sha ganin wanda ya shekara yana zargin maƙiya sun hana shi ƙarin girma, ashe takardar tabbatar da shi a aiki ce ba ta cikin fayil ɗinsa, ko takardar auna ƙwazo ta shekara biyu ba wanda ya cike. Je ka rajista, ka gaida akawu da mutunci, ka roƙi a duba maka fayil ɗinka. Ka tabbatar da takardar ɗauka, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardun makaranta duk suna ciki, kuma ranar haihuwar da aka rubuta ita ce taka. Ka yi hoton kowace kofi biyu, ɗaya a gidanka, ɗaya a wurin wanda ka amince da shi.